Maus Yana Aljihun Alhaji Deribe

Foldar ta ɓace ne tsakanin tafiya masallacin Juma'a da dawowa. Farouk mai buga takardu ya bar ta a cikin kwamfuta, ya dawo bai same ta ba. A cikinta akwai tambayoyin jarrabawar da wata makarantar kuɗi ta hanyar Vinikilang za ta yi washegari, wadda a kanta ake zaɓar 'ya'yan talakawa kaɗan su yi sakandare kyauta. An kawo su shagon Alhaji Deribe ne a buga, domin a duk layin nan na bayan kasuwar Jimeta ba a taɓa jin takardar wani ta fita daga shagonsa ba.

Sajan Fibi Absalom ta sauka daga keke ta tarar da layin ya cika maƙil. Alhaji bai kira ofis ba, ita ya kira, don a gabansa ta girma. Gidan mahaifinta ga shi nan yana kallon shagon, kuma kowa ya san kafin ta shiga aikin ɗan sanda ta yi shekaru tana buga takardu.

Farouk yana zaune a ƙasa, ba takalmi, an yaga masa wuyan riga. Mutumin Bama ne, magidanci, rikici ya koro shi da iyalinsa suka zauna a Yolde Pate, kuma wannan kujerar ta gaban kwamfuta ita ce gonarsa. A kansa Malam Danny yake tsaye, jami'in jarrabawa na makarantar, yana ta kumfar baki.

"Madam, dis one na police case! Shi ne. Ya sayar. A kai shi ofis yanzu-yanzu."

Gaskiya ɗaya ce, ran Fibi ya riga ya ɓaci tun a hanya. 'Yarta Endurance na cikin masu rubuta jarrabawar nan, kuma watanni ke nan yarinyar ba ta san wasa ba, kullum tana gaban kakanta da littafin lissafi. Don haka da ta ga Farouk a ƙasa ba ta ce ya tashi ba. Ta ciro ankwa ta sa masa, mutane suka yi shewa, ta kuma ƙara da abin da ba wanda ya tambaye ta.

"Kai ne za ka sayar da gumin 'ya'yan mutane? Garin da ya karɓe ka?"

Farouk ya ɗaga kai ya dube ta. "Adda Fibi, wallahi ban taɓa ba."

Ta kori 'yan kallo zuwa bakin ƙofa ta fara da mai shago.

"Alhaji, wa ka bari a shagon?"

"Kamar kullum, 'yata. Babanki."

Wannan tsohuwar al'ada ce a layin. Ranar Juma'a Baba Absalom, tsohon hedimasta, yakan jawo bencinsa bakin shagon ya yi gadi har a sauko daga masallaci. Ranar Lahadi kuma yaran Alhaji ke duba gidan Baba har a tashi daga coci. Ba a taɓa sa kwaɗo a ƙofar nan da rana ba.

"Kwamfutar fa? A kunne kuka bar ta?"

"A kunne. In an kashe ta sai an yi mata addu'a kafin ta tashi. Amma ni ma ba yaro ba ne." Ya sa hannu a aljihun babbar riga ya zaro maus, linzamin kwamfutar, wayarsa a nannaɗe. "Duk Juma'a da shi nake zuwa masallaci. Ba maus, ba aiki. Mutum ɗaya na sani da ke tuƙa wannan abu ba tare da shi ba." Bai kalli Farouk ba, amma kowa ya kalla.

"Tare kuka dawo?"

"Ya riga ni. Na tsaya gaisawa da mutane."

"Baba ya ga wani ya shiga?"

"Ya ce Asta ma'aikaciyata ta fita ta dawo, Malam Danny kuma ya leƙo ya tafi. Babanki ya shiga gida yanzu, ya ce kansa na ciwo."

Fibi ta juya. "Malam Danny, ba ka ce mini ka zo ɗazu ba."

"Ai ba ki tambaya ba." Muryarsa ta sauka. "Na zo in ga ko an gama. Na ga ba kowa, na je na sha ruwan sanyi na dawo. Shi ke nan."

Asta, mai fotokwafi da ɗinkin littafi, ta ce ita abinci ta je saye, kuma ta rantse da kabarin uwarta tun kafin a nemi ta rantse. Mutum uku ke nan, kowanne ya sami ɗan lokacin da ba ido a kansa.

Alhaji ya miƙo maus. Fibi ta girgiza kai.

"Mayar da shi aljihu. Hanyar da ɓarawo ya bi, ita zan bi."

Ta ja kujera ta zauna. Yatsunta ba su manta ba. Ta danna Alt da Tab, tagogin da ke buɗe suka jeru. Biyu ne.

"Wacce ce taka?"

"Ta hagu," in ji Farouk daga ƙasa. "Sabuwa na buɗe na yi nema. Ɗayar yadda na same ta na bar ta."

Ta fara leƙa kwandon shara na kwamfutar. Foldar ba ta ciki. Sannan ta shiga tagar da ɓarawo ya bari, ta tsaya. Foldodin sun yi manya-manya, guda huɗu sun cinye fuskar kwamfutar.

"Haka kake aiki?"

"A'a, Adda. Ni ƙanana nake sa su, a jere, in ga kwanan wata."

Ta riƙe Alt ta danna kibiyar hagu. Wannan shi ne bin sawu: duk dannawa ɗaya, taga takan koma inda aka fito. Dannawar farko kwamfuta ta ce wurin da ake nema ba ya nan, filash ne, ɗan abin adana bayanai da ake soka wa kwamfuta, kuma an cire shi. Ta ci gaba. Mutumin ya shiga foldar hotunan fasfo, ya fito. Ya shiga ta katin biki, ya fito. Ya shiga ta wasu takardun fili, ya sake fitowa, kafin ya dace da wadda yake nema. Tafiyar baƙo ce a unguwar da bai sani ba, yana buga ƙofa ɗaya bayan ɗaya.

Nan Fibi ta fara shakka. Farouk ne ya ajiye foldar da hannunsa. Mai gida ba ya ɓata a cikin gidansa.

Ta danna Shift da F10, jerin umarni ya fito. A ciki kwamfuta takan nuna aikin ƙarshe da aka yi, ko mutum zai so ya warware shi. Ba gogewa aka yi ba. Ba kwafa aka yi ba. Ɗauke foldar aka yi gaba ɗaya aka kai cikin filash.

Ta jingina da kujera. "Malam Danny, tunda tambayoyi sun ɓace, me makaranta za ta yi?"

"Sabbi za mu fitar. Dole."

"To wanda ya sata, me ya samu?"

Ba ta jira shi ba, ta ci gaba.

"Mai son ɓata muku aiki gogewa zai yi ya tafi, ba zai zo da filash ba. Mai son tambayoyi kuma kwafa zai yi, ya bar na asali a wurinsa, ba wanda zai sani har abada. Wannan ya zo kwafa ne, hannunsa ya yi kuskure. Ctrl da C ya nufa, Ctrl da X ya danna."

Ta gwada da kanta a kan wani fayil na banza. Ya kwafu lafiya. Ta sake, ya sake kwafuwa. Sai a karo na uku ta sunkuyar da kai ta kalli inda yatsanta yake. A kan X yake. Ta bi layin ƙasa da ido: Z, C, X, V.

"Wa ya taɓa madannan nan?"

Asta ta rufe baki da gyale. "Ni ce, Adda. Zoɓo ya zube a kai watan jiya. Na ciccire su na wanke, da na mayar sai biyu suka canja wuri. Na ce zan gyara, Farouk ya ce in bari, shi ba ya kallo."

Murfin ne kawai ya sauya. A ƙarƙashi, kowane madanni yana aikinsa na da. Wanda hannunsa ya san hanya ba zai ma lura ba. Wanda kuwa ke neman harafi da ido, in ya ga C ya danna, yankewa zai yi.

Ta sa aka ɗaga Farouk, da ankwarsa, ta ce ya kwafi fayil ya kai wata folda. Idonsa na kan fuskar kwamfutar, hannayensa biyu a haɗe, ya yi ya gama kafin Alhaji ya gyara tsayuwa. Fayil ɗin na asali yana nan inda yake.

Ta kira Danny. Ya zauna yana lalubar gefen tebur inda maus ya saba zama. Ya danna wancan, ya danna wannan, kwamfuta ta yi ta ƙara. Ko taga bai iya shiga ba. Ban da haka, da ta matsa masa, ya ce rubutun hannu na tambayoyin yana cikin durowarsa a makaranta. Mutum ba ya haura katanga ya saci abin da ke ɗakinsa. Asta kuwa ita ta sauya madannan, ita ce ta ƙarshe da za su yaudara.

Ukun duka sun fita. Saura wa?

Fibi ta ƙirga abin da ke hannunta. Mutum ne da ya san yawo a cikin folda ba maus, amma bai san wannan kwamfutar ba. Yana neman harafi da ido. Kuma idon nasa ba ya gani sosai, tunda abin da ya fara yi shi ne ya girmama foldodin. Ba maus, hanyar yin haka ita ce Ctrl da Shift da ɗaya. Ba kowa ya san wannan ba. Ita ma ta daɗe ba ta yi amfani da shi ba, sai da ta koya wa wani.

Sai ta tuna wanda ta koya wa.

Bara ta ba mahaifinta tsohuwar laftof ɗinta, wadda wurin shafawarta mai aikin maus ya mutu, don ya riƙa buga waƙoƙin coci na yarensu da yake tarawa. Ita ta zauna da shi a tsakar gida. Baba, riƙe wannan mai hoton taga ka danna E. Baba, kibiya za ka bi, in ka iso ka danna Enter. In ka ɓata, Backspace zai dawo da kai. Ba ka gani? To bari in nuna maka yadda za su yi girma. Yakan sauke tabarau kan hanci, ya nemi harafi da yatsa ɗaya yana faɗar sunansa a fili. Har filash ta saya masa. Ta yi alfahari da ɗalibin nan, ta sha ba abokan aikinta labarinsa.

Mutum huɗu ne suka kasance a wurin, ba uku ba. Na huɗun ba wanda ya ƙirga shi, ita ma ba ta ƙirga ba.

"Ku jira ni," ta ce. Ba ta iya kallon inda Farouk yake ba.

Ta tsallaka titi. Baba Absalom yana zaune a ƙarƙashin darbejiya, laftof a rufe a kan cinyarsa, ba alamar mai ciwon kai. Da ya ji ƙarar ƙofa ya zabura. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

"Ina Endurance?"

"Na aike ta wurin gwaggonta a Bako."

Fibi ta durƙusa a gabansa kamar yadda ta saba tun tana ƙarama, da kakinta da komai. "Baba, ina filash ɗin da na saya maka?"

Ya ɗago ya dube ta. Sannan ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro shi.

"C na danna, Fibi. Da idona na gani. C."

"Na sani, Baba."

"To yaya aka yi ya ɓace a wurinsu?"

Ta faɗa masa. Ya saurara kamar ɗalibi, har yana gyaɗa kai, kuma wannan gyaɗa kan ya fi komai ƙona mata rai.

"Yarinyar ta gani?"

"Ba ta gani ba. Ni ma ban buɗe ba. Na kasa." Ya cire tabarau. "Lissafinta bai nuna ba, Fibi. Na koyar da yara shekara da shekaru, na san wanda zai ci da wanda zai tsaya a bakin ƙofa. A bakin ƙofa za ta tsaya. Na ji Farouk yana gaya wa Alhaji an kawo tambayoyin. Na zauna a kan benci, shago a buɗe, Shaiɗan ya zauna kusa da ni. Ni da na sha karya bulala a jikin yara saboda satar amsa."

Ya miƙo mata filash ɗin. "Ki mayar musu. Ba za a iya cewa an tsinta ba?"

Za a iya. Ta san za a iya. In ta sa filash ɗin a kwamfutar ta danna Ctrl da Z, foldar za ta koma mazauninta kamar ba a taɓa ta ba. Sai ta ce kwamfuta ce ta rikice, kowa ya watse. An ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma wannan hannun shi ya yi mata komai tun rasuwar uwarta. Amma ta san layinsu. Kafin magariba za a ce Farouk ya ji tsoron ankwa ya dawo da kayan mutane, kuma ba wanda zai ƙara ba shi ko katin suna ya buga.

"Baba, na sa wa mutum ankwa a gaban jama'a. Na yi masa gorin gari. Yana can a tsaye."

Tsohon ya mayar da tabarau a idonsa. Sannan ya ajiye laftof a kan tabarma, ya nemi takalminsa.

Mutane suka dare suka ba shi hanya, wasu har da rusunawa, don rabin layin ɗalibansa ne. Fibi ta fara buɗe ankwar. Makullin ya ƙi shiga sai da ta sake gwadawa. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa, inda ta yi maganar farko, ta ɗaga murya daidai yadda ta ɗaga ɗazu.

"Farouk bai taɓa komai ba. Wanda ya shiga ya ɓata hanya a cikin foldodi, Farouk kuwa shi ya jera su. Wanda ya shiga ya girmama su don idonsa ba ya gani. Ya zo kwafa, ya nemi C da ido, madannin da aka sauya ya yanke masa. Farouk ba ya kallon madannai. Malam Danny ba ya iya motsi ba maus. Asta ta san an sauya su. Mutum ɗaya ne ya rage a wurin nan da ya iya wannan tafiyar, kuma ni na koya masa."

Baba Absalom ya ajiye filash ɗin a kan tebur.

"Ni ne," ya ce. "Alhaji, amanar da ka bar mini, ni na ci."

Alhaji Deribe ya zauna a kan kwalin takardu yana ta salati a hankali. Danny, da bakinsa bai huta ba tun ɗazu, ya kama duba wayarsa. Tsohon ya juya wajen Farouk ya cire hularsa, abin da ba wanda ya taɓa gani a layin.

"Ɗana, ka yafe mini."

Farouk yana murza wuyan hannunsa inda ankwa ta kwanta. Bai ɗaga murya ba.

"Baba, kana kan benci lokacin da suka yaga mini riga. Ka gani. Ka ɗauki bencinka ka shiga gida."

Fibi ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige, ita da kakinta da mahaifinta.

"Na yafe," in ji Farouk can daga baya. "Don Allah na yafe." Ya sunkuya yana neman takalminsa. Fibi ta riga shi, ta ɗauko ta ajiye masa a gabansa.

"Hamma Farouk, abin da na faɗa maka..."

"Kin faɗa, Adda. Na ji."

Alhaji ya ce shi ba zai shigar da ƙara ba, ba zai kai maƙwabcinsa kotu da furfurarsa ba. Makaranta ta fitar da sabbin tambayoyi. Fibi ta koma ofis ta rubuta rahoto, da ta iso wurin sunan wanda ya aikata ta rubuta sunan da ke bayan nata, Absalom. Da yamma ta kira Danny ta ce a cire sunan Endurance daga jerin masu jarrabawar. Yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dishe tana tambayar laifin da ta yi.

Juma'ar da ta zagayo, aiki ya bi da Fibi ta layin daidai lokacin da ake tafiya masallaci. Ƙofar gidansu a rufe take, benci yana jingine a cikin zaure. Ta hangi Alhaji Deribe ta tagar shagon. Ya zare maus kamar yadda ya saba, ya nannaɗe wayar, ya kai shi bakin aljihu. Sai ya tsaya yana kallonsa. Ya mayar da shi kan tebur.

Ya fito, ya jawo ƙofar ƙarfe, ya sa mata sabon kwaɗo.